Inshorar ginin gida a Birtaniya: inda ake samun ragi na gaskiya a lokacin sabuntawa

Kimanin makonni uku zuwa huɗu kafin wa'adin inshorar gida ya cika, kamfani kan aiko wa mai gida takarda ko imel yana sanar da shi abin da zai biya a shekara mai zuwa. Da yawa kallo ɗaya suke yi wa adadin, su yi tsaki, su ajiye, ranar da wa'adi ya cika kuma a cire kuɗin daga asusunsu ba tare da an sake tuntuɓarsu ba. Ga 'yan'uwanmu da suka mallaki gida a Landan, Manchesta ko Leeds, wannan biya ba na ganin dama ba ne. Doka ba ta tilasta wa kowa yi wa gininsa inshora ba, amma duk bankin da ya ba da bashin sayen gida yana sa ta cikin sharuɗɗansa, haka ma bankunan Musulunci irin su Gatehouse a tsarinsu na mallakar gida ta haɗin gwiwa. Tunda biyan ya zama dole, abin da ya rage shi ne nawa za a biya, kuma me za a samu a madadinsa.

Adadin da ke kan takardar lissafi ne da kwamfutar kamfani ta fitar daga amsoshin da mai gida ya bayar, wataƙila shekara biyar ko bakwai da suka wuce: yaushe aka gina gidan, ɗakin kwana nawa, da me aka yi rufi, wa ke zaune a ciki, an taɓa neman diyya ko ba a taɓa ba. Sai ta haɗa da tarihin unguwar, da kuma ko kamfanin yana sha'awar irin wannan gida a bana. Saboda haka ragi iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa daga gyara bayanai, da zaɓen lokaci, da canza hanyar biya, da sa kamfanoni su yi gasa a kanka. Akwai kuma wanda ke zuwa daga yanke kariyar ko shafa wa gaskiya mai, wanda ba a gane tsadarsa sai ranar da silin ya rufto. A kan allon kwamfuta su biyun kama ɗaya suke yi.

Har zuwa ƙarshen 2021 al'adar kamfanonin inshora a Birtaniya ita ce su jawo sabon abokin ciniki da farashi mai rahusa, sannan su riƙa ɗaga masa kaɗan-kaɗan duk shekara, suna dogaro da cewa ba zai duba ba. Tsofaffi da waɗanda ba su saba da intanet ba su suka fi shan wannan. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar Citizens Advice mai ba jama'a shawara ta shigar da babban ƙorafi a kan haka gaban hukumar kula da gasar kasuwanci, kuma daga 1 ga Janairu 2022 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta haramta shi a inshorar gida da ta mota. Ƙa'idar ita ce farashin da za a ba ka a sabuntawa kada ya wuce wanda za a ba sabon mutum mai irin haɗarinka, idan ya zo ta hanyar da kai ma ka zo.

Mutane da yawa sun ji wannan suka ɗauka an gama, babu sauran amfanin zagaya kasuwa. Kuskure ne. Ƙa'idar ta hana kamfaninka cutar ka a kan sabon baƙonsa, amma ba ta ce farashinsa ya yi daidai da na maƙwabcinsa ba. Kamfanin da ya sha asara a unguwarku bara yana iya ɗaga wa kowa a wannan lambar unguwa, sabo da tsoho, kuma bai karya doka ba. Wani kamfanin da ba shi da gidaje da yawa a yankin yana iya son naka a kan kashi biyu cikin uku na wancan kuɗin. Ga kuma maganar hanyar da ka zo: idan ta waya ka sayi inshorar tun farko, da farashin waya za a gwada ka, ba da na shafin kwatanta farashi ba.

Bayan 2022 ma farashi ya yi tashin gwauron zabi saboda dalilan da ba su da alaƙa da riƙon amana ko rashinsa. Kayan gini da ladan magina sun yi tsada. Zafin bazarar 2022, wanda a ranar 19 ga Yuli ya haura maki 40 a karon farko a tarihin ƙasar, ya busar da ƙasar yumɓu ta kudu maso gabashin Ingila, harsashin gidaje ya motsa. Sanyin Disambar wannan shekarar ya farfasa bututun ruwa. Sai guguwar Babet da Ciarán a ƙarshen 2023, da Henk a farkon 2024. A kan duk wannan akwai harajin gwamnati na kashi 12 cikin 100 da ake ɗora wa kuɗin inshora tun Yunin 2017. Wanda ke biyan fam 360, kusan fam 39 a ciki na baitulmali ne, kuma babu cinikin da zai taɓa wannan kason sai dai asalin farashin ya sauka.

Abu na farko da za a duba a takardar shi ne adadin bara. Tun Afrilun 2017 wajibi ne kamfani ya rubuta abin da ka biya bara kusa da abin da yake nema bana. Daga nan sai maganar lokaci, wadda ita ce ragi mafi sauƙin samu. Binciken da shafin ba da shawarar tsimin kuɗi na MoneySavingExpert ya yi a kan ɗimbin farashin da aka nema ya nuna cewa wanda ya nemi farashi makonni biyu zuwa uku kafin ranar farawa yakan samu ƙasa da wanda ya nema a ranar ƙarshe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: lissafin kamfanoni yana ɗaukar mai zuwa a ƙurarren lokaci a matsayin wanda ya fi yawan neman diyya, kuma wanda ba shi da sauran damar ciniki. Ranar da takarda ta iso ita ce ranar fara aiki.

Inda aka fi yin kuskure mai tsada, ta ɓangarorin biyu, shi ne adadin da aka yi wa ginin inshora. Abin da ake nufi shi ne kuɗin sake gina gidan daga harsashi idan ya ƙone ƙurmus: rushe abin da ya saura, kwashe ɓaraguzai, ladan mai zanen gini da injiniya, kayan aiki da magina, da cika ƙa'idojin gini na yau. Ba kuɗin da za a sayar da gidan a kasuwa ba ne, domin wannan ya haɗa da fili, shi kuwa fili wuta ba ta cinsa. A Landan da kewayenta gidan da ake sayarwa fam 650,000 yana iya zama kuɗin sake gina shi bai kai rabin haka ba. Wanda ya rubuta farashin kasuwa yana biyan kuɗin kariyar da ba za a taɓa ba shi ba, tunda kamfani ba zai biya fiye da abin da aka kashe wajen gini ba. A wasu garuruwan arewacin Ingila kuma abin juyawa yake yi: tsohon gidan dutse mai arha a kasuwa, amma sake gina shi ya fi kuɗin sayensa.

Gano adadin ba shi da wuya ga gida na yau da kullum. Cibiyar BCIS mai tattara farashin gine-gine tana da ma'aunin lissafi a intanet da ta yi da haɗin gwiwar ƙungiyar kamfanonin inshora ta ABI. Ana shigar da lambar unguwa, shekarar gini, yawan hawa, da faɗin gidan a murabba'in mita, wanda ake aunawa daga wajen bango a ninka da yawan hawa. Rahoton safiyon da ya duba gidan lokacin saye ma yakan ƙunshi adadin, sai dai idan ya kwana biyu ya tsufa. Gidan da gwamnati ta sa cikin jerin gine-ginen tarihi, ko mai rufin ciyawa, ko wanda aka gina da katako ko allunan kankare, ma'aunin bai dace da shi ba. Irin wannan sai a biya ƙwararren safiyo mai rajista da ƙungiyar safiyoyi ta RICS ya auna.

Jarabar ita ce mutum ya ga rage adadin yana rage farashi, sai ya ci gaba da ragewa. Takardun inshora da yawa suna da sharaɗin biya gwargwado. A misali, kuɗin sake gini na gaskiya fam 300,000 ne, mai gida ya rubuta 200,000. Wuta ta tashi a kicin ta yi ɓarnar fam 60,000. Yana tsammanin tunda ɓarnar ba ta kai 200,000 ba za a biya shi duka. Kamfani zai ce kashi biyu cikin uku na gidan ka yi wa inshora, don haka kashi biyu cikin uku za mu biya, wato 40,000. Sauran 20,000 daga aljihunsa, a kan ragin da bai wuce 'yan fam goma-goma a shekara ba. Araha ba ta ado.

Wani abin lura a nan: kamfanoni da yawa yanzu ba sa tambayar adadin ma. Suna lissafi da yawan ɗakunan kwana, su ba da kariya ta fam 500,000 ko miliyan ɗaya ko marar iyaka. Wanda ya ga miliyan ɗaya a takardarsa kada ya ɗauka ana cajinsa a kan miliyan ɗaya, kuma kiran waya don a rage ta ba zai sauke ko sisi ba. Ga gida na yau da kullum irin wannan tsari yakan fi kwanciyar hankali, domin ya kawar da haɗarin biya gwargwado.

Bayan adadi sai sauran amsoshin, ɗaya bayan ɗaya, a takardar da ke jera bayanan da kamfani ya dogara da su. A nan ake tsintar kuɗi. Galibin kamfanoni suna tambayar diyyar da aka nema cikin shekara biyar da suka wuce, wasu uku. Idan yoyon da aka gyara ya cika shekara biyar da wata ɗaya, sabon kamfani mai tambayar shekara biyar ba ruwansa da shi, alhali tsohon kamfaninka yana iya ci gaba da riƙe shi a lissafinsa. Shimfiɗaɗɗen rufi yana ɗaga farashi saboda yawan yoyo, kuma tambayar ita ce kashi nawa na rufin ne haka. Mutane kan yi ƙiyasi da ido su ce rabi, alhali ɗan kicin ɗin baya ne kawai, wanda idan aka auna bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Shekarar gini tana cikin takardun mallaka, ba sai an yi hasashe ba. Idan an sare babbar bishiyar da ke kusa da bango, ko ɗan haya ya tashi, ko an daina sana'ar da ake yi a gida, duk a gyara.

Gyaran yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma, ko da zai ƙara kuɗi. Ɗakin da aka gina a matsayin ɗakin kwana yana nan a ɗakin kwana ko da an mayar da shi wurin karatu ko sallah. Idan an mayar da saman silin ɗaki, ko an faɗaɗa kicin, ko an sa ɗan haya a ɗaki ɗaya, dole a faɗa. Dokar 2012 da ta tsara bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa, wadda ta fara aiki a Afrilun 2013, ta raba kuskure gida biyu. Idan sakaci ne, kamfani zai duba abin da zai yi da ya san gaskiya: in da zai caji fam 400 amma ya caji 300, zai biya kashi uku cikin huɗu na diyya, in da ba zai karɓi gidan ba sam, zai soke ya mayar maka da kuɗinka, ɓarnar kuma taka ce. Idan da gangan ne, zai soke, ya hana diyya, ya kuma riƙe kuɗin. Bayan haka duk kamfanin da ka je zai tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora, amsar "e" kuwa tana rufe ƙofofi masu yawa. Kamfanonin suna da rumbun bayanai na haɗin gwiwa mai suna CUE da ke riƙe tarihin diyya na shekara shida, don haka abin da aka ɓoye a wajen wannan yana rubuce a wajen wancan.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya fi shafar mutanenmu fiye da yawancin maƙwabtansu, shi ne na barin gida babu kowa. Yawancin takardu suna cewa idan gida ya yi kwana 30 a jere ba mai kwana a ciki, a wasu kuma 60, kariya daga fashewar bututu, sata da ɓarnar 'yan ta'adi ta tsaya. Hutun bazara na makarantu a Ingila kusan makonni shida ne. Iyalin da suka kwashe yara suka tafi Kano ko Zinder tun daga farkon hutu har ƙarshensa sun wuce kwana 30. Inshora mafi arha a jerin shafin kwatanta farashi sau da yawa ita ce mai kwana 30, mai kwana 60 tana ƙasa da ita kaɗan da bambancin 'yan fam. Ga mai irin wannan tafiya, ta biyun ita ce mai arha. Leƙowar ɗan'uwa ya kwashe wasiƙu ba lallai ta karya lissafin kwanakin ba, domin wasu takardun kwana a gidan suke nufi. A karanta yadda aka fassara kalmar a takardar, in kuma tafiyar za ta zarce, a kira kamfani kafin a tashi. Sukan yarda bisa sharaɗi, kamar a rufe babban famfon ruwa, ko a bar na'urar ɗumama gida a kunne a wani mataki idan lokacin sanyi ne.

Sai kason da mai gida ke ɗauka daga kowace ɓarna kafin kamfani ya biya sauran, wanda ake kira ekses. Iri biyu ne: na dole da kamfani ya yanke, da na son rai da kai ka ƙara, kuma haɗa su ake yi. Na dole fam 150 da na son rai 250 na nufin fam 400 na farko naka ne. Ƙara na son rai yana sauke farashi, amma sau da yawa ba kamar yadda ake zato ba, don haka a gwada a shafin kwatanta farashi a ga. Idan ɗaga shi daga fam 100 zuwa 350 ya rage fam 18 a shekara, ka ɗauki ƙarin nauyin fam 250 ke nan don ribar da sai ta yi kusan shekara 14 kafin ta biya kanta. Idan kuwa ya rage fam 60, shekara huɗu da 'yan watanni sun isa, ciniki ya yi. Iyakar ita ce kada ya wuce abin da za ka iya fitarwa cikin mako guda ba tare da cin bashi ba. A duba kuma kason musamman: na nitsewar harsashi galibi fam 1,000 ne, na yoyon ruwa kuma yakan fi na sauran ɓarna, wasu kamfanonin suna kai shi fam 500 ko fiye. Fashewar bututu da yoyo suna cikin abubuwan da aka fi neman diyya a kansu, saboda haka inshora mai arha da ta ɓoye babban kaso a nan ta rage farashinta ne daidai inda aka fi buƙatarta.

Wannan ya kawo maganar ƙaramar ɓarna. Gyaran fam 550 a kan kason fam 400 zai kawo maka fam 150, ya cinye rangwamen rashin neman diyya, ya kuma bi ka shekara biyar a duk inda ka nemi farashi. Sau da yawa gara a kira mai gyara a biya. Sai dai a sani, kiran kamfani don tambaya kawai yana iya shiga rajista a matsayin abin da ya faru, kuma idan tambayar sabon kamfani ta ce "ko an nemi diyya ko ba a nema ba", gaskiya za a faɗa.

Ƙare-ƙaren da ake liƙa wa inshora su ne wurin yanka na halal. Kariyar gaggawa ta tukunyar ɗumama gida da famfo ba ta da amfani ga wanda ya riga yake biyan irin ta a wani wuri, kamar HomeCare na British Gas ko asusun banki mai kuɗin wata da ya haɗa da ita. Kariyar kuɗin lauya wani lokaci tana cikin abin da ƙungiyar ƙwadago ke ba mambobinta. Kariyar ɓarnar kuskure, irin ƙafa ta ɓurma silin ko ƙusa ta huda bututu, ta danganta da gidan: mai yara ƙanana ko mai son gyare-gyare da hannunsa kada ya cire ta. Abubuwa biyu ne ban ga dalilin sadaukar da su ba. Na farko kuɗin neman inda yoyo yake, wato fasa daɓe ko bango don a kai ga bututun da mayar da shi yadda yake, wanda yakan fi gyaran bututun tsada nesa ba kusa ba. Na biyu kuɗin masauki idan gidan bai zaunuwa, domin gidan da ruwa ya cika yana ɗaukar watanni kafin ya bushe, kuma banki ba ya daina karɓar kuɗin wata don kana zaune a otal. Kowace inshora tana da gajeriyar takardar bayani mai tsari iri ɗaya a duk kamfanoni, shafi biyu ko uku, da ke jera abin da aka rufe da wanda ba a rufe ba. Da ita ake kwatantawa.

Biyan wata-wata bashi ne. Kamfani ko wani mai ba da lamuni yana biyan kuɗin shekara, kai kuma kana mayar masa da ruwa, wanda hukumar FCA ta ce yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a shekara lokacin da ta buɗe bincike a kan lamarin a Oktoban 2024. A kan fam 360 wannan kusan fam 40 ne na banza. Ga wanda ya sha wahalar neman bankin Musulunci don ya guje wa riba a sayen gida, abin takaici ne ta shigo masa ta wannan ƙaramar taga bai sani ba. Wasu kamfanoni suna raba biya ba tare da ƙari ba, kuma ana ganewa ta hanyar ninka kuɗin wata da yawan watannin biya, a haɗa da kafin alƙalami, a gwada da na shekara. In babu irinsu, a ware kuɗin a hankali cikin shekara a biya gaba ɗaya.

Da waɗannan a hannu sai a shiga kasuwa. Manyan shafukan kwatanta farashi huɗu ne: Compare the Market, MoneySuperMarket, Go.Compare da Confused.com. Ba kamfanoni iri ɗaya suke ɗauke da su ba, kuma kamfani ɗaya yana iya ba da farashi daban a kowanne, don haka a gwada aƙalla biyu. Wasu kamfanonin inshora, irin su NFU Mutual, ba sa shiga shafukan, sai an je musu kai tsaye. A kula da amsoshin da shafi ke cikewa da kansa, musamman kason son rai, wanda yakan sa shi sama don farashi ya yi kyau a ido. A gwada haɗa inshorar gini da ta kayan ɗaki, a kuma gwada raba su. Haɗawa takan fi arha, kuma tana hana kamfanoni biyu jayayya a kan ko shimfiɗar katakon ƙasa gini ce ko kaya. Makullai masu inganci da ƙararrawar ɓarayi sun fi tasiri a inshorar kaya, a ta gini ragin kaɗan ne, kada a kashe fam 600 don a rage 10.

Sannan a kira tsohon kamfani da lamba a hannu: ga kamfani kaza, kariya iri ɗaya, kaso iri ɗaya, fam kaza. Doka ta hana su caji fiye da sabon baƙo, ba ta hana su yi maka ƙasa da haka ba, kuma sashen da ke kula da masu shirin tafiya yana da ikon da mai ɗaukar waya na farko ba shi da shi. Idan suka sauke, a tambaya me suka canza, domin wani lokaci ragin daga ɗaga kaso ya fito.

Gidaje iri uku ba sa bin wannan hanya. Wanda harsashinsa ya taɓa nitsewa yakan ga shafukan sun dawo masa babu komai, ko da farashin da ba ya biyuwa, domin tambayar nitsewa sau da yawa ba ta da iyakar shekaru. A nan tsohon kamfani yana da daraja, tunda al'adar masana'antar ita ce wanda ya biya gyaran ya ci gaba da riƙe gidan. Mai son canji ya tanadi takardar shaidar ingancin gini da injiniya ya bayar bayan gyara, ya nemi dillali ta hanyar ƙungiyar dillalan inshora ta BIBA. Wanda kuma ya fara ganin tsagewa a bango, musamman mai tafiya a karkace daga kusurwar taga, faɗinta ya fi kaurin tsabar kuɗi, kada ya canza kamfani a wannan shekarar. Ya sanar da wanda yake da shi.

Gidan da ke yankin ambaliya yana da tsarin Flood Re, asusun da gwamnati da kamfanonin inshora suka kafa don haɗarin ambaliya, wanda ya fara a Afrilun 2016 kuma aka tsara zai ƙare a 2039. Kamfani yana miƙa ɓangaren ambaliya na inshorar ga wannan asusu a kan kuɗin da aka ƙayyade bisa rukunin harajin ƙaramar hukuma na gidan, da kason fam 250. Mai gida ba ya zuwa wurinsu da kansa, abin da zai yi shi ne ya nemi kamfanin da ke cikin tsarin. Gidajen da aka gina daga 1 ga Janairu 2009 ba sa ciki, da gangan, don kada a ƙarfafa gini a kan hanyar ruwa. Tun 2022 wasu kamfanonin suna ƙara har fam 10,000 a kan diyya don a gyara gidan yadda zai jure ambaliya ta gaba, kamar ɗaga soket ɗin lantarki sama da sa ƙofofi masu tare ruwa. Idan an gina sabuwar katangar kare ambaliya a yankin, Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila tana ba da bayanin matsayin haɗarin a rubuce, kuma dillali zai iya amfani da shi.

Mai fulat a dogon bene kuwa galibi ba shi ke sayen inshorar gini ba. Mai asalin ginin ko wakilinsa ne ke saye, a raba kuɗin cikin cajin hidima. Kuɗin ya hau sosai bayan gobarar dogon benen Grenfell a Landan ta Yunin 2017, kuma binciken FCA ya gano ana raba kamasho mai kauri tsakanin dillalai da masu kula da gine-gine. Daga 31 ga Disamba 2023 mazauna suna da haƙƙin a nuna musu bayanin inshorar da kamashon da aka karɓa. Abin da ya fi muhimmanci ga mai fulat shi ne ya tabbatar ba ya biyan inshorar gini sau biyu, ɗaya a cajin hidima ɗaya da kansa. Cajin da ya wuce hankali ana ƙalubalantarsa a kotun sauraren ƙararrakin gidaje.

Idan an yanke shawarar tafiya, a kashe sabuntawa ta kai tsaye a tsohon kamfani, a samu shaidar haka a rubuce; tun 2022 wajibi ne su sauƙaƙa wannan. Soke umarnin cire kuɗi a banki kawai ba ya soke inshora, yana mayar da kai mai bashi ne, har a kai ga soke ta daga ɓangarensu. Sabuwar ta fara a ranar da tsohuwar ta ƙare, ba tazarar ko kwana ɗaya, a kuma duba ko bankin da ya ba da bashin gidan yana son a rubuta sunansa a takardar. Wanda sabuntawa ta riga ta wuce shi yana da kwana 14 na janyewa, inda za a cire kuɗin kwanakin da suka wuce da ɗan cajin ofis. Bayan kwana 14 cajin sokewa yakan fi haka, sai a lissafa ko ragin ya rufe shi. Wanda kuma ya gwada kamfaninsa a matsayin sabon baƙo, ta hanya ɗaya da bayanai iri ɗaya a rana ɗaya, ya ga farashin ya fi na takardar sabuntawarsa arha, ya ɗauki hoton allon ya shigar da ƙorafi a rubuce. Kamfani yana da makonni takwas ya ba da amsa ta ƙarshe, daga nan mai gida yana da wata shida ya kai maganar gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kuma ba a biyan ko kwabo.